KIYAYE ƘUDAN ZUMA: ANA BUKATAR AMINTATTU MASU AIKIN SA KAI

Amfanin Ƙudan Zuma

Yawancin jama'a sun ɗauka zuma da kaki ne kaɗai ribar ƙudan zuma, alhali kuwa babban aikinsa a gona yake. Yayin da yake bin furanni neman abinci, yakan kwashi ƙurar wannan fure ya kai wa wancan, ta haka tsiro ke samun 'ya'ya. Kabewa da kankana da riɗi da auduga da mangwaro duk suna cin moriyar wannan aiki. Wani rahoton masana na duniya da ya fito a 2016 ya nuna kimanin kashi uku cikin huɗu na manyan amfanin gona suna dogara da irin waɗannan ƙwari, ko da yake gwargwadon dogarar ya bambanta. Saboda haka ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 20 ga Mayu ta kowace shekara domin tunawa da ƙudan zuma, aka fara a 2018.

Haɗarin da ke Tafe

Jihar Taraba ƙasar zuma ce, tun daga Tsaunin Mambila har zuwa Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane gandu girma a Nijeriya. Amma abubuwa huɗu suna rage ƙudan: ƙona daji da rani, cin zuma da wuta wanda ke hallaka gida ɗungum, feshin maganin ƙwari lokacin da amfani ke fure, da saran itatuwa irin su madobiya. Mutum ɗaya ba zai iya tsare daji ba, sai an haɗa kai cikin ƙungiya.

Misali daga Birtaniya

A Birtaniya akwai wani ƙudan mai kauri da gashi, wanda babu irinsa a ƙasashenmu. Da aka ga yana raguwa, har wasu irinsa sun ɓace, sai masana biyu, Dave Goulson da Ben Darvill, suka kafa ƙungiyar kiyaye shi a 2006. Masu riƙe da ragamarta amintattu ne waɗanda ba a biyansu albashi. Irin wannan tsari ne dokarmu ta tanada.

Wane ne Amintacce?

Amintacce shi ne wanda 'yan ƙungiya suka zaɓa ya riƙe dukiyarta da sunanta bisa amana. Bisa Dokar Kamfanoni ta 2020, mutum biyu ko fiye suna iya neman rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni. Za a buga sanarwa a jaridu biyu, a ba jama'a kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Doka ta hana waɗannan zama amintattu:

1. Wanda bai kai shekara 18 ba.
2. Wanda kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali.
3. Wanda ya karye bai fita daga bashi ba.
4. Wanda aka hukunta bisa zamba ko rashin gaskiya cikin shekara biyar da suka wuce.

Aikin Amintacce

Wajibi ne ya halarci taro, ya duba littafin kuɗi, ya tabbata kowace naira ta tafi inda tsarin mulkin ƙungiya ya ce, watau sayen amya, ko dashen itatuwa, ko koyar da manoma yin feshi da yamma bayan ƙudan ya koma gida. Wajibi ne kuma a aika wa Hukuma rahoton shekara. Ba a raba kuɗin ƙungiya tsakanin amintattu, sai dai a mayar wa mutum abin da ya kashe wajen hidima.

Kira ga Jama'a

Ba lalle sai masanin ƙwari ba. Ana bukatar akawu, da malamin makaranta, da malamin gona, da mai kiwon zuma, maza da mata, daga Jalingo da Bali da Gembu da Takum. Wanda ya ga zai iya, ya tuntuɓi ƙungiyar masu zuma ta yankinsa, ya nemi ganin tsarin mulkinta da takardar rajistarta kafin ya sa hannu. Inda babu ƙungiya kuwa, sai ya tara mutanen kirki su kafa.