Waya Iri Ɗaya, Amma Ta Wani Ta Riga Ta Wani Samun Sabuntawa: Me Ya Sa?

Darasin filin Kimiyya da Fasaha na wannan makon ya samo asali ne daga wata gardama da ta ɓarke a ƙungiyarmu bayan dawowa hutu. Biyu daga cikinmu akwai waya iri ɗaya a gidajensu, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya. Ta gidan na farko ta sami sabuwar manhaja watanni da suka wuce, har fuskarta ta canja. Ta gidan na biyu kuwa, kullum aka duba sai ta ce babu sabon abu. Nan take aka yanke mata hukunci cewa jabu ce. Da muka bi diddigi sai muka ga ba jabu ba ce, tafiyarta ce ta fi tsawo. Kafin malamin ladabtarwa ya fara neman sunayenmu, a gida muka yi wannan binciken, mun san dokar makaranta a kan waya.

Sabuntawa, wadda masu gyaran waya ke kira afdet, iri biyu ce. Akwai babba, wadda ke zuwa kusan sau ɗaya a shekara da sabon fasali, kamar tashi daga Android 14 zuwa Android 15. Akwai ƙarama, ta tsaro, wadda ba ta canja komai a ido, sai dai ta toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi su shiga waya. Mutane sun fi ɗokin ta farko, amma ta biyun ce ke tsare kuɗin da ke asusun banki.

To me ke jawo jinkiri? Ku tuna yadda takardar sanarwa ke tasowa daga ma'aikatar ilimi. Sai ta biya ofishin shiyya, ta zo teburin shugaban makaranta, ta wuce hannun malamin aji, sannan ta iso gare mu. Duk teburin da ta kwana a kai, kwana ɗaya ya ƙaru. Haka manhajar Android take. Kamfanin Google ne ke rubuta ta. Daga nan kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwar waya, irin su Qualcomm da MediaTek, su daidaita ta da kayansu. Sai mai ƙera wayar ya ɗora tasa rigar a kai: Samsung na da One UI, Tecno na da HiOS, Infinix na da XOS. Kowane samfuri kuma sai an gwada shi daban. Misali na kusa: wayoyin Pixel, waɗanda Google ke yi da kansa, sun sami Android 15 a watan Oktoba na 2024, amma Galaxy S24 ta Samsung sai a Afrilun 2025 ta fara samu, wato kusan wata shida ke nan a tsakani.

Akwai kuma tebur na huɗu, wanda mu a nan ba mu saba da shi ba. A ƙasarmu mutum kan sayi waya a kasuwa, ya sa layin da ya ga dama, MTN ko Airtel ko Glo, gobe ya canja in ya so. A Amurka ba haka akasarin mutane ke yi ba. Wurin kamfanin layi suke karɓar waya, irin su Verizon da AT&T da T-Mobile, suna biya kaɗan-kaɗan duk wata. Don kada mutum ya gudu da bashi, sai kamfanin ya kulle wayar, ba ta karɓar layin kowa sai nasa. Wannan ita ce kullalliyar waya. Wadda aka saya kai-tsaye daga mai ƙera ta, tana karɓar kowane layi, ita ce buɗaɗɗiya. Ita kanta iPhone ta farko a 2007, a kulle ta fito a kan layin AT&T kaɗai.

Kullalliyar wayar Android ba ta samun sabuntawa sai kamfanin layin ya gwada ya sa hannu. Kuma gwajin ba na banza ba ne. Suna duba ko kira na fita lafiya, ko lambar gaggawa ta 911 na shiga, ko kira ta hanyar 4G da Wi-Fi na aiki, ko manhajojinsu da suka cusa a ciki ba su lalace ba. In sabuntawa ta hana dubban mutane kira, ofishin kamfanin layi za a cika da ƙorafi, ba na Google ba. Don haka ba sa gaggawa.

A nan ne hasashenmu ya ba mu kunya. Mun ɗauka tunda buɗaɗɗiya ba ta da wannan tebur na huɗu, dole kullum ita ce kan gaba. Ba lallai ba ne. Wayoyin Samsung na Amurka suna da alama a ƙarshen lambar samfurinsu: U na nufin ta kamfanin layi, U1 na nufin buɗaɗɗiya. Sau da yawa masu U kan riga masu U1 samun sabuntawa. Dalili kuwa, manhajar mai U layi ɗaya kawai ake buƙatar ta gamsar, ita kuwa ta U1 dole ta yi aiki a kan dukkan layukan, don haka sai ta jira wanda ya fi kowa nawa. Wanda ya biya kuɗinsa lakadan don ya tsere wa kamfanin layi, sai ga shi yana jiran kamfanonin gaba ɗaya.

Apple ba ya cikin wannan layin jira. Shi ke ƙera wayar, shi ke tsara ƙwaƙwalwarta, shi ke rubuta manhajar iOS, kuma shi ke tura sabuntawa kai-tsaye. Rana ɗaya take isa ga kullalliya da buɗaɗɗiya, a Landan ko a Kano.

Wani zai ce to mene ne a ciki, in an jira wata biyu? A watan Yulin 2015 wani mai bincike na kamfanin Zimperium, Joshua Drake, ya bayyana wata ɓaraka a cikin Android da aka sa wa suna Stagefright. Ta hanyar saƙon bidiyo na MMS kawai ana iya kutsawa cikin waya, a wasu wayoyin ma ba sai an buɗe saƙon ba. An ƙiyasta wayoyi kusan miliyan 950 abin ya shafa. Google na da maganin, amma maganin sai ya bi ta duk teburan nan, wayoyi da yawa kuma har suka mutu bai iso gare su ba. Bayan wannan ne Google ya fara fitar da sabuntawar tsaro duk wata. A 2017 ya sake ginin Android ta yadda masu ƙera waya za su rage jiran masu ƙwaƙwalwa, a 2019 kuma, da zuwan Android 10, ya fara tura gyaran wasu sassa kai-tsaye ta Google Play. An sami sauƙi, amma jinkirin bai ƙare ba.

Wannan jiran ne ke tura wasu zuwa ga beta. Kalmar ta fito daga harafi na biyu na haruffan Girkanci. Alfa gwajin cikin gida ne, beta kuwa gwajin da ake ba mutanen waje. Kamar tela ne ya miƙo maka riga ka gwada tun bai gama ɗinki ba, da allurai a jiki, don ka faɗa masa inda ta matse. Apple ya buɗe wa jama'a gwajin iOS a 2015, Google ya buɗe na Android a 2016. Shi ma ba kowa ke samu ba. Samsung kan buɗe gwajin One UI a ƙasashe ƙalilan, irin su Koriya ta Kudu da Amurka da Jamus da Indiya, kuma a Amurkar ma ba kowace kullalliyar waya ake bari ta shiga ba.

Ra'ayinmu a nan a fili yake: beta ba ta mai waya ɗaya ba ce. Batir kan zube da wuri, waya ta yi zafi, kyamara ta tsaya, wasu manhajojin banki su ƙi buɗewa. Yayan wani ɗan ƙungiyarmu ya sa beta a wayar da yake karɓar kuɗin ciniki da ita, ya wuni bai iya duba ko an turo masa kuɗi ba. Da ya nemi komawa tsohuwar manhaja sai ya tarar dole a goge komai, domin haka tsarin yake: shiga da sauƙi, fita kafin a saki cikakkiyar manhaja kuwa sai da share waya. Hotunan bikin ƙanwarsa da bai adana a wani wuri ba, duk sun tafi. Da ma an ce sauri kan haifi nawa. Wanda yake da waya ta biyu, yana kuma son ya koyi yadda ake gano kuskure a kai rahoto, shi beta makaranta ce a gare shi, muna ma ƙarfafa masa gwiwa. Amma ya fara adana bayanansa tukuna.

Mu koma kan gardamarmu. Wayar da aka ce jabu ce, ta hannu ce da aka shigo da ita daga Amurka, irin waɗanda ke cika shaguna a kasuwannin waya kamar Farm Centre a Kano. An buɗe mata kulle, tana karɓar layinmu lafiya lau. Sai dai buɗe kulle bai canja manhajar da ke cikinta ba. Har yanzu ta kamfanin layin can ce, tana jiran izininsa, wasu irinta ma ba sa ganin sabuntawa sai da layin kamfanin a cikinsu. Masu gyara kan yi wa irin wannan filashin su sa mata wata manhajar, amma aiki ne da in aka sa wadda ba ta dace ba, wayar na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Waɗanda aka shigo da su daga Birtaniya sun fi sauƙi ta fuskar kulle, domin tun Disambar 2021 aka hana kamfanonin layi na can sayar da waya a kulle.

Saboda haka in za a sayi waya a gidanku, sabuwa ko ta hannu, ku roƙi a bar ku ku shiga saitin kafin a biya kuɗi. A sashen bayanin waya za ku ga lambar samfuri, wadda ke nuna ƙasar da aka yi wayar dominta. A ƙarƙashin bayanin manhaja kuma akwai kwanan watan sabuntawar tsaro ta ƙarshe. In kwanan watan ya haura shekara, ku tambayi mai shago dalili, ku kuma danna neman sabuntawa a gabansa. Ku tambaya har ila yau shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin ci gaba da turo ta. Google ya yi alkawarin shekara 7 ga Pixel 8 a 2023, Samsung ya yi irin wannan ga Galaxy S24 a 2024, amma da yawa daga cikin ƙananan wayoyi masu araha ba sa samun ko kusa da haka.

Duk wanda ya duba ta gidansu a ƙarshen mako, ya rubuto mana samfurin wayar da kwanan watan da ya gani, ban da suna ko lambar waya, ya jefa a akwatin ƙungiya da ke bakin ɗakin karatu. Za mu jera su a allon nan mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.