KITSE: RUMBUN JIKI

Kowane manomi ya san amfanin rumbu. Da kaka a zuba hatsi, da bazara a ɗiba. Jikin mutum da na bisa su ma suna da nasu rumbu. Wannan rumbu shi ne kitsen da ke ƙarƙashin fata.

Aikin kitse

In mutum ya ci abinci ya ƙoshi, jiki yana aiki da abin da yake bukata. Saura kuma ya mai da shi kitse, ya ajiye. Ranar yunwa ko ciwo, sai jiki ya ɗiba daga ajiya. Giram ɗaya na mai ya fi giram biyu na garin hatsi ba da ƙarfi. Kitse yana tare sanyi kuma, shi ya sa ramammen yaro ya fi jin hunturu.

Tozon raƙumi ba ruwa ba ne cikinsa, kitse ne. In raƙumi ya sha wahala, tozon ya ragu har ya kwanta gefe.

Abin da masu bincike suka gano

A shekara ta 1994, wani masani a Amurka, Jeffrey Friedman, da abokan aikinsa sun yi bincike kan ɓeraye. Sun gano kitse yana sakin wani sinadari cikin jini. Sunansa leptin. Shi ne ke kai ma ƙwaƙwalwa labarin yawan ajiya. In kitse ya ragu ƙwarai, jiki ya shiga tattali, ya dakatar da wasu ayyuka. Haihuwa tana cikinsu. Wannan na cikin dalilan da suka sa saniyar da ta rame take daɗewa ba ta ɗauki ciki ba. Mace ma in ta rame sosai, al'adarta tana iya tsayawa.

Awon damtsen yaro

Yaro ƙarami rumbunsa ƙarami ne. Zawo, masassara ko yaye na gaggawa suna iya cinye shi cikin kwanaki kaɗan. In kitse ya ƙare, jiki ya koma cin tsokarsa. Wannan ita ce tamowa.

Ana gane ta da igiyar awo mai launi uku. Ana auna yara daga wata 6 zuwa shekara 5. A zagaya igiyar a tsakiyar damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Kada a matse, kada a saki.

Tsanwa: santimetir 12 da rabi ko fiye. Yaro yana da ajiya.
Ruwan ɗorawa: daga 11 da rabi zuwa ƙasa da 12 da rabi. Rama ta fara. A je likita a nemi shawara.
Ja: ƙasa da 11 da rabi. Ran yaro yana cikin haɗari. A kai shi likita a ranar.

A shekarun 2013 da 2014, an yi gwaji a ƙasar Mirya, cikin jihar Damagaram. An koya ma uwaye awon ɗiyansu da kansu. An tarar awonsu bai kasa na ma'aikatan lafiya na ƙauye ba. Ba sai uwa ta iya karatu ba, launi kawai za ta duba.

A yi hattara: kumburi ba ƙiba ba ne. A danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa, a ƙirga uku a hankali. In gurbin yatsa ya tsaya, ruwa ne. Wannan yaro ma likita za a kai shi, ko da igiya ta nuna tsanwa.

Awon bisashe

Bisa ba ta bukatar igiya. Ido da hannu sun isa. A shekara ta 1986, masu bincike a Adis Ababa sun fitar da ma'aunin shanu masu tozo, daga 1 zuwa 9. Lamba 1 ita ce saniyar da ta zama ƙashi da fata. Lamba 9 ita ce mai kitse da yawa. Ana duba haƙarƙari, ƙashin baya, ƙugu da gindin wutsiya. Tunkiya da akuya kuwa, sai a taɓa bayansu, tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da ƙugu. In ƙashi yana sukan hannu, ajiya ta ƙare.

Makiyayi mai lura ba ya jira bisa ta faɗi. Tun kaka yake ɗaure harawar wake da ta gujiya, ya adana kara da dusa. Da rani ya fara ba masu ciki, masu shayarwa da shanun noma. In ya ga abincin ba zai kai damina ba, ya sayar da wasu tun suna da nama da daraja.

Yawan kitse ma ciwo ne

Rumbun da aka cika fiye da ƙima yana tsagewa. Kitsen da ya taru cikin ciki, kewaye da hanji da hanta, ya fi na ƙarƙashin fata ɓarna. Yana jawo ciwon sukari da hawan jini. Ƙwayoyin ƙiba da ake saye a kasuwa ba abinci ba ne. Wasunsu suna kumbura fuska da ciki, su raunana jiki. Tunkiya mai ciki ma in ta yi kitse da yawa, tana iya wahala wajen haihuwa.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin kitse cikin jiki?
2. In igiya ta nuna ja, me uwa za ta yi?
3. Yaya ake bambanta kumburi da ƙiba?
4. Waɗanne bisashe ake fara ba harawa da rani?