Kifin Da Ya Yi Kama Da Dutse

'Yan'uwana ɗalibai, a darasin nan ina so in ba ku labarin wani kifi wanda ba ya bin abincinsa, sai dai abincin ya zo ya same shi. Sunansa kifin dutse. Yana zaune a tekuna masu ɗumi, tun daga Bahar Maliya har gaɓar Ostareliya, a wuraren da murjani ya taru ya yi tudu a ƙarƙashin ruwa. Ƙananan kifaye suna da yawa ƙwarai a irin wuraren nan, amma suna da sauri, shi kuwa ba gwanin iyo ba ne. To, ƙaƙa yake ci?

Dabararsa biyu ce, ɓad da kama da haƙuri. Tsawonsa ƙafa ɗaya ne ko ya ɗara kaɗan. Fatarsa kaushi gare ta, launinta toka-toka ko ƙasa-ƙasa da ɗigon ja, har gansakuka takan tsiro a kanta. Yakan shige yashi ya bar idanunsa da bakinsa suna duban sama, ya yi shiru kamar ba shi da rai. Da ƙaramin kifi ya gifta, sai ya wage baki, ruwa ya kwarara ciki ya tafi da kifin. An auna saurin nan, aka tarar wajen kashi 15 ne cikin 1,000 na sakan ɗaya, watau kafin ƙiftawar ido an gama.

Akwai wani maƙwabcinsa, kifin kwaɗo, wanda ya ƙara wata dabara. A goshinsa akwai wani abu kamar sandar fatsa, da ɗan nama a ƙarshensa mai kama da tsutsa. Yana kaɗa shi, wanda ya zo ci sai a cinye shi.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne wannan. A gadon bayan kifin dutse akwai ƙayoyi 13 masu mugun dafi. Ba da su yake farauta ba, na tsaron kai ne. Da yake ya dogara ga kamanninsa, ba ya gudu in mutum ya matso, saboda haka masu shiga ruwa ba takalmi suke taka shi. Zafin ba ya misaltuwa, yana ma iya kisa. A tsoma ƙafar cikin ruwan zafi wanda fata za ta iya jurewa, sa'an nan a gaggauta zuwa asibiti. Tun 1959 aka sami allurar makarin dafin nan a Ostareliya. Duk wanda tafiya ta kai shi bakin Bahar Maliya, ko ta wajen Jidda ko ta wajen Sudan, kada ya shiga ruwa ƙafa ba takalmi mai kauri.

In kun fita koyarwa, ku fara da hawainiya, wadda yara suka sani. Ku sa su kalli yadda take sajewa da ganye tana jiran ƙwaro. In sun gane nata, ba za su sha wuyar gane na kifin nan ba.