Kada Robar Tare Laka Ta Faɗi A Hanya

Robar da ke bayan tayar mota, mai tare laka da tsakuwa, yawanci 'yan maƙallan roba ne ke riƙe da ita. Zafin rana da jijjigar ramuka kan farfasa su, sai ta fara reto. Kada ka ɗaure ta da waya, domin waya yanka roba take yi. Cire maƙallan, ka wanke wurin, ka sa noti mai kaurin milimita 6 wanda ba ya tsatsa, da faffaɗan wosha ciki da waje. In ramin da ke jikin robar ya yage, huda sabo a gefensa. Bayan ka ɗaure, murɗa sitiyari dama da hagu har ƙarshe, ka tabbata robar ba ta gogar taya.