Zaɓen Littafin Koyon Harshen SQL

SQL shi ne harshen da ake yi wa rumbun bayanai na kwamfuta tambaya da shi. An ƙirƙiro shi a kamfanin IBM, bisa tsarin da Edgar Codd ya gabatar a 1970 na adana bayanai cikin jadawali masu alaƙa da juna. A 1986 aka daidaita ƙa'idojinsa a Amurka.

Sai dai, kamar Hausa, SQL yana da karin harshe. Alal misali, wajen taƙaita yawan layukan amsa, MySQL na amfani da LIMIT, SQL Server kuwa TOP. Don haka littafi nagari yakan fara da daidaitacciyar ƙa'ida, sa'an nan ya nuna inda manhajoji suka sha bamban.

Na biyu, malami ya duba babin JOIN, wato haɗa jadawali biyu, da bayanin NULL, wato gurbin da ba a san abin da ke cikinsa ba. A nan ake gane gwanintar marubuci.

Na uku, littafin ya ƙunshi aikin gwaji da gargaɗi. Ɗalibin da bai san cewa DELETE ba tare da WHERE ba yana share dukan layukan jadawali, wata rana zai share sakamakon jarrabawar makaranta sukutum.