Idan aka yi ihu a unguwa

Ɗana, na ji an ce ka shiga 'yan sintirin unguwa. Allah ya yi maka albarka, ya tsare. Tunda yanzu da sanda kake kwana, akwai maganar da nake so ka ji daga bakina, duk da ba a son yin ta a zaure.

Wata rana za a zo maka a guje a ce an kama ɗan luwaɗi, ko 'yar maɗigo, ko an rutsa wani ɗan daudu a lungu. Kafin ka isa an yage masa riga, takalminsa ɗaya na cikin kwata, yara na sowa, wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Ka tambayi mutum goma me ya yi, kowa "an ce" zai ce maka. Sau da yawa muryarsa ce ko tafiyarsa ta jawo masa, wani lokacin ma wanda yake bi bashi ne ya ƙulla masa sharri.

Ba tatsuniya nake maka ba. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14. A watan ne jama'a suka yi wa wata kotun shari'a a Bauchi ruwan duwatsu, suna neman ran waɗanda ake tuhuma da luwaɗi tun alƙali bai yanke hukunci ba. Da Fabrairu ta kama, aka bi dare a Gishiri ta Abuja, aka janyo samari daga shimfiɗarsu aka lakaɗa musu duka da sanduna. Dokar nan, duk tsananinta, babu inda ta ba wani izinin taɓa lafiyar mutum. Sashe na 33 da na 34 na tsarin mulkin 1999 sun kare rai da mutuncin kowa, ba su ware kowa ba.

Na san abin da malamanmu suka karantar, ba kuma muhawara na zo yi da kai ba. Amma su ɗin ne suka karantar da mu cewa Suratul Hujurat ta hana binciken asirin mutane, ƙazafi babban zunubi ne, hukunci kuma na alƙali ne, ba na 'yan layi ba. Wanda ke kwance a ƙasan nan yana da uwa. Mu da muka yi yawon tasha, wa bai ci tuwo da soyayyiyar kaza a rumfar 'yan daudu ba? Da sunansu muke kiransu, mu gaisa, mu biya, mu wuce.

To idan ranar ta zo, ka shiga tsakani tun kafin jini ya fito, domin taro in ya ga jini ba ya jin kira. Ka kira na gaba-gaban da sunansu da sunan iyayensu. Mutum in ya ji an gane shi, hannunsa kan yi sanyi. Ka tura a taso mai unguwa ko liman, ka shigar da yaron gida mai ƙofar ƙarfe. In ya ji rauni, asibiti ne farko. In kuwa sai an je ofishin 'yan sanda, kada a bar shi shi kaɗai, a nemo ɗan'uwansa ko lauya, a sanar da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Bidiyon kuma, in ya shigo wayarka, ka goge. Akwai ma ɓata-garin da suka mai da abin sana'a, "kito" ake ce masa: su yaudari mutum ta waya ya zo, su tube shi, su ɗauke shi a bidiyo, su yi ta karɓar kuɗi da barazanar tura wa iyayensa. Wanda aka yi wa haka yakan haɗiye, don yana tsoron kai ƙara ya zama shi ne mai laifi. In irinsa ya ɗauki kasada ya faɗa maka, ka riƙe masa sirri, ka raka shi wurin lauya, kada ko abokan sintirinka su ji daga gare ka.