Sakin Kare a Fili da Haɗarin Ciwon Haukan Kare

A shekarar 1979 aka keɓe wani fili a birnin Berkeley na ƙasar Amurka, inda masu karnuka ke kwance musu igiya domin su yi guje-guje. Daga baya irin waɗannan filaye suka yawaita, wasu ma a gangaren tsaunuka. Galibinsu suna da sharaɗi guda: ba a shiga da karen da ba a yi wa allurar rigakafin hauka ba.

A ƙasar Shanga da Yauri da Ngaski, sakin kare ba baƙon abu ba ne. Da zarar an gama girbi, mafarauta kan bazama cikin daji da tuddai da karnukansu, suna bin zomo da gafiya. A can karnukan ƙauyuka daban-daban ke haɗuwa, su yi faɗa, su ciji juna. Ta nan ciwon ke samun ƙofa.

Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Idan ta shiga rauni, sai ta bi jijiyoyi sannu a hankali har ta kai ga ƙwaƙwalwa. Yawanci alamu kan bayyana bayan wata 2 zuwa 3, kuma da sun bayyana, da wuya a rayu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon na kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare suke kamuwa.

Wannan tafiyar hawainiya da ƙwayar ke yi ita ce damar ɗan Adam. Da ita Louis Pasteur na Faransa ya yi amfani a 1885, ya ceci wani yaro da allura bayan cizo. Saboda haka, wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, sannan ya garzaya asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne.

Amma rigakafi ya fi magani. Idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, yaɗuwar ciwon kan katse. A Nijeriya, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi da ke Vom tana haɗa wannan allura. Ya dace kowane mafarauci ya kai karensa wurin malamin dabbobi kafin a buga gangar farauta.